Lahadin Amarya

Ana yayyafi mai haɗe da ƙanƙara aka kawo Sabina Tuohy gidan mijinta a Cloona, ranar Talatar da ake rufe aure kafin azumin Kirista. A yankinmu na Mayo a wancan zamani, duk wadda ba a ɗaura mata aure kafin Larabar toka ba, wato ranar fara azumin, sai ta jira baɗi. Sabina ba yarinya ba ce, ta haura talatin, kuma da bakinta ta ce ta yarda da Murty Gavaghan tun ranar da aka zaunar da su su ga juna. Mutum ne mai gona da doki, ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne, a gidansu ba shi da baki.

Uwarsa, Honor Gavaghan, tana tsaye a bakin ƙofa da gurasar biki a hannu. Ta karya ta a bisa kan amarya, 'yan mata suka yi wawar gutsattsarin suna shewa. Sannan ta ja Sabina har gaban murhu, ta miƙa mata awartakin gyara wuta.

"Ga wuta, ga gida," in ji tsohuwar. "Amma ki buɗe kunne, 'yar nan. Daga yau har Lahadi ta huɗu, ƙafarki ba za ta wuce waccan ƙofar shinge ba. Ba coci, ba kasuwa, balle gidan ubanki. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwar mijina."

"Na sani, Inna. Mu ma a Derreen haka ake yi."

Aka ci, aka sha, mai goge ya ja. Wajen magariba samarin gari suka shigo da rigunan ciyawa da dogayen hulunan da suka rufe musu fuska, babbansu ya yi rawa da amarya kamar yadda aka saba, aka ba su baƙar giya suka fita. Bartley Tuohy, uban Sabina, yana gefen wuta yana tafi. Tsoho ne siriri mai tari, wanda tun rasuwar matarsa Sabina ce ke yanka masa taba, ita ke ɗumama masa gado. Ya ƙetaro dutse a keken jaki cikin ruwan nan don kada a ce 'yarsa ta shiga gidan miji ba uba. Da ta taɓa kafaɗarsa sai ta ji kwat ɗinsa ya jiƙe jagab.

Ta sami surukarta a gefe. "Inna, ko Baba zai kwana nan bakin wuta? Hanya da nisa, ga shi ya jiƙe."

"Dangin amarya su kwana gidan ango tun ranar farko? A ce mun auro gida guda ke nan. A'a, ba a Cloona ba."

Tsohon ya ji, ya yi dariya don kada ranta ya ɓaci. "Ƙyale su, 'yata, ruwa ya san ni na san shi. Wata ɗaya ne fa. Kafin ki juya ya wuce."

Festy, ƙanenta, ya ɗora shi a keke ya yafa masa buhu. Sabina ta raka su har ƙofar shinge, ta tsaya daga ciki.

Washegari azumi ya shiga. Mutanen gida suka tafi coci karɓar toka, suka bar ta da kwanukan biki. Daga ranar sai shayi baƙi ba madara, sai dankali da gishiri. Awartakin da aka miƙa mata a gaban jama'a bai kwana a hannunta ba. Ta jera tubalan busasshiyar ƙasar fadama da ake ƙonawa maimakon itace a murhu, Honor ta rushe ta sake jerawa. Ta kaɗa madara, aka ce ta cika gaggawa. Ta yi shara, aka ce ba ta nan ake farawa ba. Ba zagi, ba duka. Gyara ne kawai daga safe har yamma, da murya mai sanyi. Murty kuwa ya fita gona tun da sassafe, ya dawo ya ci abinci kansa a sunkuye. Idan ta yi masa magana a gaban uwarsa, sai ya dubi uwar kafin ya amsa.

Ranar Lahadi ta fi kowace rana tsawo. Su tafi coci, gari ya yi tsit, ta jingina da ƙyauren ƙofa tana jin ƙararrawa daga ƙetaren fadama. Daga nan ana hango dutsen da Derreen ke bayansa. Wani lokaci sai ta ji kanta tana magana da kaji, don dai ta ji muryar mutum.

Suna zaune suna yanka dankalin iri wata rana da hantsi, Murty ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Na ga Festy ranar kasuwa."

Wuƙa ta tsaya a hannunta. "Ranar kasuwa? Sai yau kake faɗa?"

"Na sha'afa. Ya ce tsoho na ɗan fama da mura tun ranar biki."

"Mura ko ƙirji? Yana cin abinci? Wa ke dafa masa?"

"Ban tambaya ba."

Ta juya wajen surukarta. "Inna, in ya kama shi a ƙirji ba ya sakinsa da wuri. Ni na san yadda nake yi masa. In je da safe in dawo kafin duhu, ba wanda zai sani."

"Allah zai sani," in ji Honor, tana ci gaba da yanka. "Kin san gidan Lavelle da ke bakin rafi? Amaryarsu ta karya watanta don uwarta na ciwon haƙori. Je ki dubi gidan yau. Ba ɗa, ba jika, shanu sun mutu ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta fito a murhu. So kike ki jawo mana wannan saboda mura? Wane tsoho ne ba ya tari a watan Maris?"

Sabina ta dubi mijinta. Yana ta ƙoƙarin cire wani tsiro daga dankali kamar duk duniya ba abin da ya fi shi muhimmanci.

Bayan 'yan kwanaki Thady Ruane, dillalin auren da ya haɗa su, ya biyo shan shayi. Gajere ne mai baki, wanda ba ya shiga gida sai da wasa.

"Uwar Murty, ina amaryata? Kai, ta rame! Murty, ba a ce ka yi azumi da ita ba fa." Ya yi dariyarsa shi kaɗai, ya miƙa ƙafafu ga wuta. "Jiya na bi ta garinku, Sabina."

"Ka ga Baba?"

"Na leƙa. Yana kwance. Ƙirjin nan sai ka ce ana zuga wuta. Abin tausayi, duk wanda ya taɓa ƙofa sai ya ɗaga kai ya ce, 'Sabina ce?'"

Honor ta ajiye butar shayi da ƙarfi. Thady ya kalle ta, ya gane bakinsa ya yi gaba, nan take ya juya harshe.

"Amma fa Bartley ƙashin ƙarfe ne. Zai binne mu duka."

"Thady, kai ka kawo ni gidan nan," in ji Sabina. "Ka sa baki su bar ni in je."

Ya sosa ƙeya. "Haba 'yar Bartley, ki dube ni mana. Duk auren da na haɗa a ƙasar nan, ba a taɓa cewa amaryata ta koma gida kafin wata ba. In aka gan ki a hanya, wa zai ce ciwon uba ne? Cewa za a yi Gavaghan sun hana ki abinci, ko kuma Murty ya gaza." Ya ƙyafta wa Murty ido. "Ni kuma wa zai sake ba ni 'yarsa? Ki yi haƙuri. Saura kaɗan."

Ya shanye shayinsa ya tafi.

Da rana ta bi Murty gona da kwandon taki a bayanta. A can ne kaɗai take samunsa ba uwarsa. Ta sauke kwandon a bakin kunya.

"Murty, ka kai ni. Ba zan shiga gidan ba, na yi maka alkawari. In tsaya a waje ta taga ya ji muryata. Wannan ai ba karya wata ba ne."

"Doki na aiki."

"Da ƙafa zan je."

"Inna ba za ta so ba."

"Ban tambayi Inna ba. Kai nake tambaya."

Ya daɗe yana kallon bakin shebur ɗinsa. Ta ga kamar zai ce wani abu. Sai ya tofa miyau a tafin hannu ya kama ƙota.

"Bari mu gama wannan gonar tukuna."

Gonar ba ta ƙare ba. Idan aka gama wannan gefe sai a ce ga wancan. Sabina ta daina cin abinci sosai. Ta kan tsaya da guga a bakin rijiya har ruwa ya tsiyaye, idonta a kan dutse. In gajimare ya rufe shi sai ta ji kamar an rufe mata numfashi.

A makon ƙarshe, wata safiya, ta ji ƙarar kofato. Festy ne a kan dokin aro, laka har gwiwa. Bai sauka ba ma ya fara magana.

"Ɗauko mayafinki. Fada ya zo jiya daga coci ya shafa masa man masu shirin mutuwa."

Ta ruga ciki ta fizgo mayafi. Kafin ta kai ƙofar shinge Honor ta riga ta, ta tsaya ta dafa ƙyaure. Murty ya taho daga garke da bokiti a hannu.

"Ina zuwa?"

"Inna, ubana na mutuwa."

"Duk wanda Fada ya shafa wa mai mutuwa yake yi? Ni sau biyu ana shafa mini, ga ni tsaye. Kin yi haƙurin mako uku, sai yanzu da saura ƙiris za ki zubar? To ki ji. Ba zan riƙe ki ba. Amma in kika wuce ƙofar nan, ki wuce ke nan. Ba zan zauna da wadda ta ɗebo mana tsiya da ƙafarta ba."

"Murty," in ji Sabina, "ka ji abin da ta ce?"

"Lahadi ai ta kusa," ya ce a hankali.

Ta juya ga ƙanenta ta miƙa masa hannu ya ɗora ta. Festy bai kama ba. Ya sauko daga doki, ya matso jikin shinge, ya rage murya.

"Sabina, tsaya. In suka rufe miki ƙofa, ina za ki zauna? Shanun da aka ba ki na aure suna garkensu. Ni kuma kin san baɗi zan kawo mata, ɗakin ɗaya ne."

Ta dube shi kamar ba ta san shi ba.

"Jiya ya ɗan sha romo," ya ce, yana kallon ƙasa. "Wataƙila ya kai Lahadin."

Wata kaza ta ratsa tsakaninsu tana tono. Sabina ta ji mayafin ya yi mata nauyi a hannu.

"Ka ce masa ina nan tafe," ta ce. "Ka ce Lahadi, da an tashi daga coci. Ka ce ya jira ni. Ka riƙa juya shi ta gefen dama, ya fi samun numfashi."

Murty ya ajiye bokiti. Ga mamakinta, ya yi magana da ƙarfi a gaban uwarsa. "Festy, in wani abu ya faru ka aiko mini. Ni da kaina zan kawo ta, ko wace rana ce."

Wannan magana Sabina ta riƙe. Da ita take kwana, da ita take tashi. Ta wanke shuɗiyar rigar aurenta ta shanya, ta goge takalmanta. Ta ce a ranta ashe mutumin yana da zuciya, tsoro ne kawai ya yi masa yawa.

Ranar Juma'a tana shanya kaya ta hango wani mutum a bakin gona yana magana da Murty. Ta ga Murty ya cire hula. Da ya shigo cin abinci ta tare shi.

"Wane ne wancan?"

"Zancen maraƙi ne."

Ranar kuma Honor ta canza. Ta zuba wa Sabina madara a shayi, da azumi da komai, ta ce, "Sha, 'yata, kin rame. Kada mutane su gan ki haka ranar Lahadi." Tun da ta zo gidan ba a taɓa ce mata 'yata ba. Sai ta ji daɗi, har ta yi godiya.

Asabar da sassafe Murty ya fito da kayansa na coci, ya ɗaura wa doki sirdi.

"Ina za ka?"

"Duba irin hatsi."

"Da kayan coci?"

"So kike ya je gaban mutane kamar mabaraci?" in ji Honor daga bakin murhu. "Zo ki tankaɗe gari, gobe ba za ki je gidanku hannu rabbana ba."

Ta yini tana gashin burodi. Da yamma ya dawo, ba hatsi, takalmansa duk jar ƙasa, yana warin taba da barasa, shi da ba ya sha.

"Ka ji wani labari daga Derreen?"

Ya wuce ta ya rataye hula. "Gobe ai za ki je."

Lahadin amarya rana ce ta ado a wajenmu. Amarya ta sa rigar aurenta, ta hau keken doki gefen mijinta, duk gari su fito kallo. Mata su taɓa rigar, samari su yi wa ango ba'a. Sabina ta sa shuɗiyar rigarta, ta ɗora burodin a ƙarƙashin kujerar keke. Rana ta fito, abin da aka daɗe ba a gani ba. Tana ta murmushi ita kaɗai.

A ƙofar coci ba wanda ya yi ba'a. Maza suka taɓa huluna suka kau da kai. Wata tsohuwa ta kama hannunta ta matse, ta ce, "Allah ya ba ki lada, 'yar nan," ta wuce da sauri. Sabina ta ɗauka gaisuwar Cloona ce haka. Ta zauna a gefen mata kusa da surukarta, Murty ya tafi gefen maza.

Ba ta ji wa'azin ba, hankalinta na kan hanya. Sai da Fada ya rufe littafi ya ce a yi addu'a domin waɗanda suka riga mu, sannan wani suna ya fizgo ta.

"Ku tuna da ran Bartley Tuohy na Derreen, wanda ya rasu ranar Alhamis, aka binne shi jiya. 'Yarsa na tare da mu yau. Allah ya ba ta haƙuri, shi kuma ya ba shi hutu."

Jama'a suka amsa da murya ɗaya. Sabina ta zabura. Yatsun Honor suka damƙe mata wuyan hannu kamar tarko.

"Zauna. Mutane na kallo."

Ta duba ko'ina. Ba fuskar da ta nuna mamaki. Duk cocin nan, daga gaba har baya, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Ta nemi Murty da ido, ta gan shi durƙushe, ya cusa fuska cikin hannuwansa kamar mai tsananin ibada.

Ba ta san yadda aka ƙare ba. Ta dai ga kanta a waje jikin keken doki, su biyun suna gabanta.

"Kun sani," ta ce. "Tun Juma'a kun sani."

"Mun sani, kuma mun cece ki," in ji Honor. "Amarya da watanta ta ga gawa? Ta taka maƙabarta? In akwai abin da Allah ya ajiye a cikinki, a gurguje zai fito. Wata rana za ki gode mini."

"Murty, ka yi alkawari. A gaban ƙanena ka yi."

"Na je a madadinki," ya ce. "Da kafaɗata na ɗauki akwatin gawar. Na ba da abin da ake bayarwa. Ba wanda zai ce gidan Gavaghan bai yi abin da ya kamata ba." Ya gyara linzami. "Da kin je me za ki ƙara masa? Ya riga ya tafi."

"Hau keke," in ji Honor. "An dafa abinci, baƙi za su zo taya ki murna."

Sabina ba ta hau ba. Ta tattare gefen rigarta ta kama hanyar dutse da ƙafa. Ta ji surukarta na kiran sunanta sau ɗaya, a hankali, don kada a ji. Ba ta waiwaya ba.

Tafiyar rabin yini ce. Takalman aure suka yanka mata dunduniya, ta cire su ta riƙe a hannu. Ba ta yi kuka a hanya ba. Rana ta karkata ta gangaro Derreen. Mata biyu da ta girma tare da su suna bakin rijiya. Suka dubi shuɗiyar rigar daga sama har ƙasa. Ɗaya ta ce wa ɗayar, ba ta ko rage murya ba, "Ga ta nan. Yau wata ya cika."

Festy na zaune shi kaɗai a bakin murhu. An kwashe shimfiɗar gadon tsohon, sai katako. Gidan na ƙanshin kyandir.

"Me ya sa ba ka zo da kanka ba?"

"Na aika. Wa zan bar wa gawa?" Bai tashi ba. "Murty ya zo ya ce kin ce ba za ki karya watanki ba."

"Ni na ce?"

"Haka ya faɗa, a gaban mutane, a cikin ɗakin nan."

"Kuma ka yarda?"

"Mijinki ne. Me zan ce? Ranar da na zo ma ai ba ki biyo ni ba."

Ta buɗe baki ta tuna masa wanda ya ƙi kama hannunta, sai ta ga ba amfani. Ya riga ya shirya labarin yadda zai iya kwana da shi. Ta zauna a gefen gadon.

"Ya yi maganata?"

"Kullum. Na gaya masa Lahadi. Sai ya riƙa tambaya ko yau Lahadi ce." Festy ya tura wani tubali cikin wuta da ƙafa. "Ranar Laraba ya daina tambaya."

Ta tafi maƙabarta ita kaɗai. Kabarin na can gefen katanga, an mayar da ciyawar da aka yanke a kansa, ba ta kama ba tukuna. Ta durƙusa. Duk maganar da ta tara wata guda ta gaya masa, ta nema ta rasa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, yau Lahadi ce." Sannan kukan ya zo, irin wanda ba a yi da murya.

Rana na gab da faɗuwa ta ji ƙarar keke a bakin hanya. Murty ne. Bai shigo ba, bai kira ta ba, ya tsaya riƙe da doki. Ta dubi gidan ubanta da ke ƙasa, ta ga Festy ya riga ya turo ƙofa. Ta tashi ta kaɗe gwiwoyinta ta hau. Ya kaɗa doki suka koma Cloona.

Sabina ta rayu a gidan Gavaghan har ta yi furfura. Ta haifi 'ya'ya, ta yi jinyar Honor har ta binne ta, ta binne Murty. Ba ranar da ɗayansu ya ce mata ya yi kuskure. Honor har a gadon mutuwa tana cewa ai don ta tsare watanta ne Allah ya ba ta maza lafiyayyu. Murty kuwa in zancen ya taso sai ya ce, "Abin da ya wuce ne," ya fita duba shanu.

A Derreen sunanta ya zama wadda ta fi son gidan miji da ubanta. Ba ta ƙara zuwa can ba sai don kabari, kuma ba a cika tsayawa gaishe ta ba. A Cloona kuwa, abin da ya fi ciwo, yabonta aka riƙa yi. Duk amaryar da aka kawo, in ta fara kukan gida, sai tsofaffi su nuna mata gidan Gavaghan su ce, "Ke wace irin raguwa ce? Dubi Sabina. Ubanta ya mutu aka binne shi, ba ta ɗaga ƙafa ba sai da watanta ya cika. Wannan ita ce mace." Da abin da aka yi mata aka riƙa ɗaure 'ya'yan wasu.

Wata shekara, a wani gidan biki, ta tsufa tana zaune a lungu da mayafi a ka, aka sake faɗa wa wata amarya haka a gabanta. Yarinyar ta juyo tana kallonta da jajayen idanu. Sabina ta dogara sanda ta miƙe.

"Ƙarya ne," ta ce. "Ban sani ba ne. Ɓoye mini suka yi. Da na sani, ko da rarrafe sai na je."

Sai uwar ango ta yi dariya ta ce, "Kun ji ta? Har yau ba ta son a yabe ta." Aka miƙa wa Sabina shayi, mai goge ya ja, aka ci gaba da rawa.